Shekarar da Na Kasa Shiga Mota

Ni malamin firamare ne. A Jega aka haife ni, a unguwar Jega Magaji, a nan na yi aure kuma a nan nake zaune har yau, amma da aka ɗauke ni aiki sai aka tura ni Maiyama. Kullum da safe nakan taka zuwa tasha in shiga ƙaramar motar haya, in je in koyar da 'yan aji huɗu, bayan azahar in dawo gida. Na daɗe a haka har direbobin hanyar suka san ni. Idan suka hango ni da jakata a hammata sai su ce wa duk wanda ya nufi kujerar gaba, “Wurin Malam ne.”

Ranar da abin ya faru na makara, na tarar gaba ta cika, sai na shiga baya na zauna a tsakiya. Lokacin cirar albasa ne, an danƙara buhuna a but har murfin ya ƙi rufuwa, aka ɗaure da igiya. A damana wani dattijo ne Bafulatani, siriri, da malafarsa a kan gwiwa. Ya shigo Jega sayen maganin shanu zai koma ruga. Da muka fita gari sai ya ciro kwalbar daga aljihu ya ce in karanta masa abin da aka rubuta a jiki, don mai kantin ya yi masa bayani da sauri bai riƙe ba. Ina cikin karanta masa na ji ƙara kamar an harba bindiga. Tayar gaba ce ta fashe. Motar ta bar kwalta, ta juya, ta sake juyawa, ta tsaya a kife cikin wata gona.

Ban suma ba. Kujerar direba ta danne mini ƙafar hagu, kaina yana ƙasa, wani buhu ya fashe albasa ta zubo mana ta baya, fetur kuma yana ɗiga kusa da kunnena. Dattijon yana manne da ni, ya riƙe hannun rigata. Ya ce, “Malam, ruwa.” Na ce masa ga mutane nan zuwa. Ya sake cewa ruwa, daga nan ya kama kalmar shahada a hankali ina taya shi, har na ji ni kaɗai nake yi. Hannunsa bai saki rigata ba. Manoman da suka rugo daga gonaki sun sha fama da gatari da ƙarafa kafin su ɓalle ƙofar, ina jin wani yana ta cewa kada kowa ya matso da taba. Da suka zo fitar da ni sai da suka yanke hannun rigar.

A asibiti aka ɗauki hoto aka ga ƙashin ƙwauri ya karye. Yayana, wanda shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, ya ce Aliero za a kai ni wurin masu ɗori. A kwance aka kai ni ina cikin magagin allura, ban san tafiyar ba. Mai ɗorin dattijo ne mai sanyin hannu. Ya ja ƙafar, ya daidaita, ya jera kara ya naɗe, ya tofa addu'a. Aka shimfiɗa mini tabarma a wani dogon ɗaki tare da wasu masu karaya, yawancinsu 'yan kabu-kabu. A ɗakin nan watan azumi ya same ni, a nan kuma ya bar ni.

Wanda ya san Aliero a wannan lokaci ya san iskar garin ma albasa ce. An tara ta a ƙofar gidaje, ana zubawa a buhuna, manyan motoci suna ta lodi. Duk sanda iska ta kaɗo warin ta taga sai ƙirjina ya ɗaure, zufa ta karyo mini, in ji kamar wani abu yana ɗiga kusa da kunnena. Na ɗauka raɗaɗin ƙafa ne. 'Yan ɗakin kan yi ta ba da labarin yadda kowa ya faɗi, suna yi wa juna dariya. Idan aka zo kaina sai in ce taya ce ta fashe, in juya fuska bango.

Ƙashi ya kama. Ranar komawa gida yayana ya zo da motar wani abokinsa. Na dogara sanda har bakin ƙofa, aka buɗe mini baya. Ina sunkuyawa warin kujera da fetur ya bugi hancina, ƙafafuna suka ƙi ɗaguwa.

“Shiga mana,” in ji yayana.

“Ba ni iyawa, Yaya.”

“Ƙahwar ta?”

“A'a.”

“To mi ya hana ka? Mota ce hwa, ba kura ba.”

Mutane suka fara taruwa. A ƙarshe ya sallami motar, ya samo babur ya goya ni. Muna hawa kwalta wata tirela ta wuce mu, na ƙanƙame shi har muka kusa faɗuwa. Sai ya sauka daga titi, muka biyo hanyar gonaki da burtali muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. A haka muka iso Jega.

Da farko kowa ya yi mini uzuri. Makaranta ta ba ni hutu, hedimasta ya zo duba ni da kansa, ya ce in huta wani malami zai riƙe ajina. Ni ma na gaya wa kaina ƙafar ce ba ta yi ƙwari ba. Amma ƙafa ta yi ƙwari, ni ban koma ba. Sandar da ba na bukata na ci gaba da riƙewa, don in an gan ni da ita ba a yawan tambaya.

Babban titi ya ratsa Jega, ga randabawul inda motocin Sakkwato da na Birnin Kebbi da na Yawuri suke haɗuwa. Na daina zuwa wajen. Daga baya na daina bin duk wani lungu da ake hango titin. Ranar kasuwa, da garin ke cika da manyan motoci, ba na fita ko zaure, sai in zauna a ɗaka in kunna rediyo da ƙarfi don kada in ji oda. Zirga-zirgata ta koma daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa masallacin unguwa. Mai aski ma gida yake zuwa. Barci kuwa ya zama abin tsoro, don da na rufe ido nake komawa cikin motar.

Matata mace ce mai lura, ba ta da yawan magana. Ita ta fara gane ina tashi in bar tsakar gida duk sanda ta soya albasa. Ba ta tambaye ni ba, kawai ta daina sa ta a miya. Yara suka yi ta ƙorafin miya ba daɗi, ta ce musu tsada ta yi, alhali a lokacin ko kyauta maƙwabta ke aiko mana da ita. Na ji lokacin da take faɗa musu haka, na yi kamar ban ji ba. Na kuma koma mai saurin fushi. Ƙaramar 'yata ta taɓa sakin kwanon silba a bayana, na daka mata tsawar da ta sa ta daina zuwa kusa da ni.

Inna, mahaifiyarmu, ta ce iska ce ta shafe ni a wurin da motar ta faɗi, don an san gonakin bakin hanya ba a rasa su da mutanen ɓoye. Ta kawo rubutu na sha, ta kawo turare na yi hayaƙi. Aka kira wani malami ya yi mini ruƙiyya. Karatun ya sanyaya mini zuciya ƙwarai, har na yi gyangyaɗi a gabansa, amma da ya gama ya ce shi bai ga alamar aljani a jikina ba, in dage da azkar. Na dage. Da safe in ce yau zan je tasha, in sa riga, in zo bakin zaure, in ji ƙarar wata mota daga nesa, in koma.

Yayana ne ya fara gajiya. Wata rana bayan la'asar ya same ni a zaure ya ce, “Kai malami ne, kana koya ma ɗiyan mutane imani da ƙaddara. Wanda kwanansa ya ƙare ko bisa gado shina mutuwa ta iske shi. Wanga abu naka rashin tawakkali ne.” Duk cikin maganganun da aka yi mini babu wadda ta zauna mini kamar wannan, don ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan. In ina sallah sai in riƙa jin kunyar ɗaga hannu.

Ana cikin haka damina ta faɗi, yayata mace da ke aure a Maiyama ta kwanta ciwo. Ita ta goye ni ina jariri, kuma duk shekarun da na yi ina koyarwa a can, a gidanta nake cin abincin rana. Ta aiko a gaya mini tana son ganina. Na ce a ce mata ina nan tafe. Ta sake aikowa. Wata safiya aka bugo waya aka ce ta rasu, za a yi jana'iza bayan azahar.

Na yi wanka na sa kaya. Na bi yayana da sauran 'yan'uwa har inda motar ke jiranmu, kaina a ƙasa. Aka bar mini gaba. Na sa ƙafa ɗaya a ciki, na riƙe ƙofar. Sai idona ya yi duhu, na tabbata in na zauna a kujerar nan mutuwa zan yi. Na ja da baya na durƙusa a ƙasa. Inna tana cikin motar tana kallona ta gilashi. Yayana ya jira ni iya jiransa, sannan ya ce wa direba su tafi, lokaci na ƙurewa. Na koma gida ni kaɗai, na yi wa yayata addu'a a ɗaka. Masu zuwa ta'aziyya gidanmu suna iske ni a zaure, wasu su ce, “Ashe ba ka samu tahiya ba,” in ce eh.

Bayan wannan ne ƙirjina ya fara bugawa ko ina zaune ba abin da ya faru. Na ɗauka hawan jini ne ko ciwon zuciya. Matata ta ce sai mun je asibiti, kuma asibitin yana hayin titi. Muka fita da sassafe kafin motoci su yi yawa. Ita ta shige gaba, ni ina kallon bakin hijabinta kawai har muka tsallaka.

Likita ya auna jinina, ya saurari ƙirjina, ya sa aka yi gwaji, ya ce zuciyata lafiya lau. Sai ya tambaye ni yadda nake barci, da ko wani abu ya taɓa samuna. Matata ce ta amsa. Ya saurare ta har ta gama, ya ce akwai ma'aikacin jinya da ya karanci lafiyar ƙwaƙwalwa, yana ganin mutane a ɗakin ƙarshe, in je wurinsa. Na san ɗakin. Na taɓa ganin an kai wani saurayi can an ɗaure masa hannu da rawani. Da muka fito na ce wa matata mu tafi gida, ni ba mahaukaci ba ne.

Ta tsaya a barandar ta ce, “Malam, ban taɓa yi maka gardama ba. Amma mun riga mun ƙetare titi, kuma ban san ranar da za ka sake yarda ka ƙetare shi ba. Ka shiga ko gaisawa ku yi.”

Na shiga. Ma'aikacin jinyar sa'ana ne, gajere, mai furfura kaɗan a gemu, mutumin ƙasar Zuru da ya daɗe yana aiki a wajenmu. Kowa Likita yake ce masa, ni ma haka na kira shi. Da na ji ba ɗan gari ba ne sai na ɗan saki jiki, don ba za mu haɗu a wurin ɗaurin aure ko suna ba. Ɗakin ba komai sai tebur da kujeru biyu da fanka. Ya jawo kujerarsa ya fito daga bayan teburin, ya tambaye ni ko in bar ƙofa a buɗe ko a rufe. Na ce a buɗe.

Ya ce, “Malam, aikina a nan magana ce. Kai za ka fi yin ta, ni in saurara. Abin da ka faɗa a ɗakin nan ba zai fita ba, ko matarka ba zan gaya wa ba, sai fa in na ga ranka ko na wani yana cikin haɗari.”

Na ce, “Magana kawai? Ai na yi ta da mutane har na gaji.”

“Me suka ce maka?”

Na gaya masa. Bai yi dariya ba, bai kuma ce Inna ko yayana sun yi kuskure ba. Ya tambaye ni abubuwan da nake gudu, ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan albasa na ji kunya, na yi ƙasa da murya, shi kuwa ya gyaɗa kai kamar na ce masa ina ciwon kai. Sannan ya yi mini tambayar da ba wanda ya taɓa yi mini. Ya ce ko na taɓa jin gara in mutu. Na ce kashe kai haramun ne, ban taɓa nufin haka ba, amma na sha cewa a raina da ni aka ɗauka aka bar dattijon nan. Ya ce, “Wane dattijo?” Sai na lura tun ranar haɗarin ban taɓa ambatonsa ga kowa ba.

Ban iya ba shi labarin a ranar ba. Ya ce ba gaggawa. Ya bayyana mini cewa abin da ke damuna sananne ne, yana samun direbobi da sojoji da matan da suka sha wahalar haihuwa, kuma ba hauka ba ne. Ya ce, “Kai ka san an fitar da kai daga motar nan. Jikinka ne bai samu labari ba. Shi ya sa da ya ji warin fetur ko albasa sai ya tashi neman tsira. Duk sanda ka gudu kuma, sai ya ƙara yarda cewa gudun ne ya cece ka.” Na tambaye shi ko rashin tawakkali ne. Ya ce shi ba malamin addininmu ba ne, ba zai yi mini fatawa ba, in tambayi limaminmu, kuma kada in bar addu'a da azkar ɗin da nake yi. Na tambayi liman bayan kwana biyu, a kaikaice, kamar wani nake tambayar wa. Ya ce neman magani ba ya kore tawakkali, kuma tsoron da ya fi ƙarfin mutum jarrabawa ce kamar zazzaɓi. Ina jin ya gane ni ne, amma bai nuna ba.

Na riƙa zuwa duk mako. Likitan farko ya rubuta mini wani magani da ya taimaka mini da barci, sauran aikin kuwa a ɗakin ƙarshe aka yi shi. Ya fara koya mini yadda zan ja numfashi a hankali in sake shi a hankali in ƙirji ya ɗaure, da yadda zan dubi abin da ke gabana in kira sunansa, tebur, fanka, taga, don in tuna inda nake. Daga nan ya ce in ba shi labarin haɗarin tun daga tasha, kada in tsallake komai. Na kai inda dattijon ya ce ruwa, na kasa wucewa. Mako na gaba ma a nan na tsaya. Ranar da na wuce wurin na yi kukan da ban yi ba ko a rasuwar mahaifina. Ya bar ni na yi, bai ce in yi haƙuri ba. Da na natsa ya tambaye ni, “Da wane hannu za ka ba shi ruwan?” Na tuna yadda nake a cikin motar. Hannuna ɗaya yana ƙarƙashina, ɗayan dattijon ya riƙe. Kuma babu ruwa a motar.

Kada a ɗauka daga nan sauƙi ya zo. Makonnin da na fara ba da labarin sun fi na baya tsanani, mafarkin ya ƙaru, na koma ba na son ko gaisuwa. Na ce wannan mutum tono mini ciwo kawai yake yi, na daina zuwa. Bai aiko a kira ni ba. Sai da matata ta kai jaririyar maƙwabciyarmu rigakafi suka haɗu a baranda, ya ce ta gaishe ni, kujerata tana nan. Na ƙara zama a gida har aka fara yankan gero. Abin da ya mayar da ni shi ne wata rana na ji 'yata tana gaya wa ƙawarta a zaure cewa babanta ba ya fita don ƙafarsa ba ta warke ba. Ƙaryar da na yi ce ta gada, tana faɗarta da gaskiyarta.

Da na koma ya ce yanzu za mu fara tunkarar abubuwan da nake gudu, daga ƙarami. Ya fita ya dawo da albasa ɗaya a faranti, ya yanka ta biyu ya ajiye a kan tebur. Manya biyu muka zauna muna kallon albasa. Zufa ta jiƙa mini riga, na so in tashi, ya ce in zauna in yi numfashin, in gaya masa in abin ya fara sauka. Ya hau, ya hau, sannan ya fara sauka da kansa. Ban taɓa tsayawa na ga saukarsa ba sai ranar. Da na koma gida na ce wa matata ta sa albasa a miyar dare, na zauna a tsakar gida har ta gama suya, ko da yake ban iya cin tuwon ba.

Bayan albasa sai tsayuwa a bakin titi. Bayan titi sai mota. Akwai garejin wani bakanike a bayan unguwarmu inda wata matacciyar mota ba taya take zaune a kan duwatsu. Na roƙe shi ya bar ni in riƙa zama a ciki da hantsi. Ya ɗauka saye zan yi, ya yi ta yaba mini injin da ba ya ciki. Na fara da ƙofa a buɗe da ƙafa ɗaya a waje, daga baya na rufe. Wata rana in iya, washegari in kasa ko taɓa ƙofar. In na gaya wa Likita na koma baya sai ya ce haka abin yake tafiya, mu sake. Da tafiya ta yi tafiya Likita ya sa ni a tsohuwar motarsa ya zagaya da ni cikin harabar asibiti, gilashi a sauke, masu jinya suna kallonmu.

Sai bayan an gama girbi na je Maiyama. Na gaya wa yayana duk abin da nake yi a asibiti. Shi ya samo mota, ya ce wa direban ya tafi a hankali kuma ya tsaya duk inda na ce. Na zauna a gaba na riƙe ƙofa. Da muka zo wurin da motar ta faɗi na gane shi tun daga nesa, na ce a tsaya. Gona ce kawai, an yanke dawa an bar kara, awaki suna kiwo. Na tsaya a bakinta na yi wa dattijon addu'a. Ban san sunansa ba, ban san rugarsu ba.

A gidan yayata mijinta ya karɓe ni da mutunci. Babbar 'yarta kuwa ta kawo ruwa ta ajiye ba ta dube ni ba. Na kira ta na ce ta zauna, na gaya musu abin da ya hana ni zuwa, ban rage komai ba. Ta saurara tana wasa da bakin zanenta. Ta ce, “Kawu, har ranar da za ta cika tana cewa a aje maka tuwo.” Ban san ko yafiya ce ko tuhuma ba, ban kuma tambaya ba. Aka raka ni maƙabarta. A hanyar dawowa abin ya taso mini fiye da na zuwa, sai da na sauka sau da yawa, yayana da direba suna zaune a inuwa suna jirana ba wanda ya ce in yi sauri.

Ban koma koyarwa a Maiyama ba. Na nemi a dawo da ni wata makaranta a cikin Jega, aka dawo da ni, da ƙafa nake zuwa. Likitan nan an mayar da shi Birnin Kebbi, wata matashiyar ma'aikaciya ce a ɗakin yanzu, nakan leƙa ta in abin ya matsa. Ina shiga mota zuwa Aliero ko Maiyama in ya zama dole, a gaba, gilashi a sauke, kuma tun jajibiri nake fara fargabar tafiyar. Baya kuwa har yau ban zauna ba. Akwai ranakun da nake shiryawa in fasa.

Bara aka aurar da 'yar yayana zuwa Sakkwato. A matsayina na ƙanin uba ni ya kamata in jagoranci masu kai amarya. Aka taru a zauren yayana ana tsara motoci, wani daga dangin ango ya ce, “Malam shi za ya shiga ta gaba.” Na ce a gaban kowa ba zan iya tafiyar Sakkwato ba tukuna, tun haɗarin da na yi doguwar tafiya a mota tana fi ƙarfina, ina kan neman magani. Yayana ya ce, “To, ƙanenmu na Gehuru ya tahi madadinai,” aka ci gaba da lissafin wanda zai zauna ina. Na taya su ɗaukar akwatuna da buhunan gara zuwa mota. Amarya ta fito a lulluɓe tana kuka, na dafa kanta na sa mata albarka, na rufe musu ƙofa. Na tsaya tare da tsofaffi da yara a ƙofar gida har motocin suka sha kwana, sannan muka shiga kwashe tabarmi.